Takalman da Babu Wanda Ya Gani Sai Baba

Ku bar ni in fara da ajiyar zuciya, don wallahi kwana takwas na yi ina cin abinci ban san ɗanɗanonsa ba. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas, aikina duba kurakurai a wani kamfanin buga littattafan makaranta. Tun safe har yamma kuskuren mutane nake nema da jan biro. To yau nawa kuskuren zan ba ku labari, kuma ba ƙarami ba ne.

Babanmu tsohon mai kunna majigi ne. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗan ɗakin nan na saman sinima, inda haske ke fitowa ta taga, har ranar da aka rufe gidan aka mai da shi ma'ajiyar siminti. A cikin dubban finafinan da suka bi ta hannunsa akwai guda ɗaya da yake ji da shi kamar ɗan cikinsa. Labarin wani birni ne da aka zagaye da katanga, kowa a cikinsa da ƙarfe mai lamba a wuya, sojoji a kan baƙaƙen babura suna farautar duk wanda ya cire nasa. Jarumin ɗaya ne daga cikin sojojin, daga baya ya juya musu baya. Tun ina ƙarama nake jin labarinsa a bakin Baba, amma ban taɓa kallonsa ba.

Sai ga shi kamfanin ya sake fitar da shi a faifai, an wanke hoton, an gyara sauti, an sa shi a kwali mai sheƙi. Na saya wa Baba. Ranar Asabar da la'asar muka zauna a falo, ya sa farar jallabiyarsa har da turare, sai ka ce baƙo zai tarba. Yana faɗin maganar 'yan wasan kafin su buɗe baki. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Ana saura minti goma fim ya ƙare, ya ɗaga hannu.

"Tsayar. Mayar baya kaɗan."

Na mayar. Jarumin yana gudu a wani lungu da manyan takalmansa na soja. Hoto na gaba, ga shi a kan katanga yana faɗan ƙarshe, ƙafarsa babu komai.

"Sun yanke," in ji Baba. "A nan ya tsaya. Akwai wani tsoho a zaune a gindin bango, ƙafarsa duk jini. Ya durƙusa ya kwance takalmansa ya sa masa. Babura na zuwa a bayansa, amma sai da ya ɗaure masa igiya. Wannan wurin shi ne fim ɗin, Auta. Sauran duk hayaniya ce."

Ni da karambanina na buɗe shafin da masu sayen faifan ke rubuta ra'ayinsu, in ga ko wani ya lura. Tabɗi! Mutum ɗari huɗu da wani abu. Wani ya ba da tauraro biyar, wai yanzu har zufar jarumin yake iya ƙirgawa. Wata ta ba da biyu, wai an wanke sararin sama ya koma shuɗi, alhali ƙurar nan mai ruwan ƙasa ita ce ke sa mutum jin tsoro. Wani ya ce ƙarar babura ta danne magana. Wani kuwa kwalin kawai ya zo yabo, da alama ko buɗe shi bai yi ba. Amma abin da suka fi taruwa a kai suna dariya shi ne ƙafar jarumin. Suna kiransa kuskuren da ya fi kowane suna a fim ɗin, wai masu ɗaukar hoto ne suka manta da takalma.

"Rubuta musu," in ji Baba. "Ki ce ba kuskure ba ne."

Ya faɗa, na rubuta, har da cewa shi ya kunna fim ɗin da hannunsa sati shida a jere. Muka ɗora.

Da na san abin da zai biyo baya, da na fasa wayar. Kafin wayewar gari amsa ta fi sittin. "Na kalli fim ɗin nan sau talatin, babu wannan wurin." "Ina da kaset ɗinsa na da, ina da faifan farko, babu." "Kaka, a sha magani a kwanta." Wani mai kiran kansa Sarkin Faifai ya rubuta doguwar ƙasida da lissafin mintoci, ya rufe da cewa haka tsufa yake, mutum ya haɗa finafinai biyu a kansa ya rantse guda ne. Wannan ita ta fi min ciwo, don cikin ladabi ya rubuta ta.

Kuma ita ce Yaya ya karanta. Yaya babban wanmu ne, yana da gidansa da iyalinsa, amma komai na gidanmu sai ya sa hannu. Ba mugu ba ne, tsoro ne da shi, kuma shi idan tsoro ya kama shi umarni yake koma bayarwa. Ya same mu a kicin ni da Mama, ya tura ƙofa.

"Watan jiya ya bar buta a kan wuta har ta ƙone. Ranar nan ya wuce kwanar gidana sai da ya juyo. Yanzu kuma yana ganin abin da mutum ɗari huɗu ba su gani ba. Sai ya buge ɗan wani a titi za ku yarda?"

"Yaya, ni ma na taɓa ƙona buta."

"Ke ba ki kai saba'in ba."

Ya shiga falo ya ɗauki makullin motar Baba daga kan ƙusa ya sa a aljihu. Ya ce ranar Litinin ta sama za a kai shi a duba ƙwaƙwalwarsa. Baba yana zaune yana kallonsa. Motar nan tsohuwa ce, ƙofar baya ma da igiya ake ɗaure ta, amma da ita yake zuwa wajen abokansa kullum da hantsi. Tun daga ranar ya daina sa jallabiyar fita. Ya daina gardama. Na taɓa leƙa shi na tarar yana ƙirga sunayenmu da na jikokinsa a yatsu, a hankali, yana gwada kansa. Na koma ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo, don ni ma, Allah ya yafe min, na fara shakka.

Mama kuwa ba ta san ma wane wuri ake gardama a kai ba. Ita da an ambaci fim take tashi, ta ce shekara talatin da takwas tana jin ƙarar babura a bakin mutum ɗaya, ya ishe ta. Abin da aka gaya mata kawai shi ne Malam yana faɗin abin da babu.

To a nan Mai Tabarau ya shigo labarin. Sunan da nake kiransa ke nan. Shagon gwajin ido da yanka gilashi gare shi, can Mama ta je canza tabarau ta dawo min da miji. Wata huɗu ke nan kullum maganar ɗaya: "Yaron nan mai hankali, Auta, me kike jira?" Yaya ma ya sa baki, matarsa ta sa, har ƙanwar Mama da ke wani gari sai ta bugo waya ta tambayi ina aka kwana. Ni kuma halina ne, idan aka tura ni gabas, ƙafata yamma take nufa. Ba wai yana da aibi ba. Shiru ne da shi, kuma komai sai ya ba ka zaɓi biyu, irin na aikinsa. "Shayi ko lemo? Wannan ya fi, ko wannan?" Har na taɓa ce masa, Malam, ni ba gwajin ido na zo ba.

Ranar Asabar, saura kwana biyu a tafi asibiti, na sake roƙon Yaya a waya ya mayar da makullin.

"Ke kaɗai ce ba ki gani ba," ya ce. "Shi kansa mutumin naki da na gaya masa, cewa ya yi a kai Baba a duba shi."

Jama'a, wuta ta kama ni. Wato har ya fara yanke wa ubana hukunci tun bai shigo gidan ba? Na kwana da abin, na tashi da shi. Lahadi da safe, ƙarfe takwas da minti goma, na rubuta masa:

"Wanda zai ce mahaifina ya ruɗe ba shi da wurin zama a falonmu. Kada ka sake zuwa saboda ni. Na gode da wata huɗu."

Na tura, na kife wayar a ƙarƙashin filo, ban sake bi ta kanta ba.

Ƙarfe huɗu na yamma aka yi sallama. Na leƙa ta labule. Shi ne, cikin yadi ruwan toka da aka goge har yana ɗaukar ido, da 'yar baƙar jakarsa ta aiki. Ni kuwa wata tsohuwar doguwar riga ce a jikina mai tabon bilic a hannu, ɗankwalin ma a karkace. Na ce a raina, oho, bai ga saƙon ba ke nan, bari ya zauna ya gani a gabana. Mama ta tarbe shi baki har kunne. Yaya ma yana nan, ya zo tsara tafiyar gobe.

Bai ko nemi ni ba. Ya gaida Baba ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, na ji labarin fim ɗin. Ni ban taɓa kallonsa ba. Ina son ku ba ni wurin nan da aka yanke."

"Ɗana, bar shi. An ce babu."

"Su suka ce. Ni daga bakinku nake son ji. Tsohon yana dama da jarumin ne, ko hagu?"

Na harare shi ta bayan labule. Ga shi nan zai fara.

"Hagu," in ji Baba.

"Da wace ƙafa ya fara?"

"Dama. A'a, tsaya. Ya fara cire nasa duka biyun tukuna, ya ajiye, sannan ya kama ƙafar tsohon ta dama."

"Akwai wani abu a bangon, ko fili ne?"

Baba ya gyara zama. Rabon da in ga ya gyara zama haka kwana takwas.

"Akwai. Wani jan zane, kamar hannu a buɗe. Tsohon kuma ya ɗora tafinsa a kan jarumin, nan, a tsakiyar kai. Ƙarfen wuyan jarumin a buɗe yake yana lilo."

Mama ta shigo da tiren shayi daidai lokacin. Sai na ga ta tsaya cak a tsakiyar falo.

"Malam, me ka ce? Mutum a durƙushe, tsoho ya dafa kansa?"

Baba ya sunkuyar da kai.

Ta dire tiren a kan tebur, shayi ya fantsama, ta shige ɗaki. Muna jin ta tana jan akwatin ƙarfen nan nata na ƙarƙashin gado, wanda ko ni ba ta bari in taɓa. Ta fito da wani ɗan gwangwanin alewa da ya yi tsatsa. A ciki akwai takarda a ninke, ta yi ja don tsufa. A cikin takardar kuma wani ɗan yankin zaren fim, bai fi tsawon yatsa ba, hoto huɗu a jere.

"Wannan ne?"

Mai Tabarau ya goge hannunsa da hankici kafin ya karɓa, ya riƙe shi ta gefe da gefe. Ya buɗe jakarsa ya ciro ɗan madubin ƙara girma da ƙaramar tocila. Ya duba ya daɗe. Sannan ya miƙa wa Yaya.

Yaya ya kafa ido. Ni ban san lokacin da na fito daga bayan labule da tabon bilic ɗina ba, na karɓe madubin. Ga shi nan, jama'a. Jarumin da na kalla waccan Asabar ɗin, shi ɗin dai, da tabonsa a gira, a durƙushe. Ƙarfen wuyansa a buɗe. Jan hannu a bango. Tsoho a hagu ya dafa kansa. Takalmi ɗaya a ƙafar tsohon, ɗaya a ƙasa.

Na zauna daɓas a kan kafet ina dariya ina hawaye. Wani nauyi da na kwana takwas ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka lokaci ɗaya. Alhamdulillahi kawai nake ta maimaitawa.

"A ina kika samu wannan, Mama?" in ji Yaya.

"Ubanku ya ba ni, lokacin yana zuwa wajena. Ya ce in duba a rana, irin mutumin da yake son zama ke nan. Ni ina na san daga wane fim ya fito? Na ga dai mutum yana sa wa tsoho takalmi, na ce to, wannan zai riƙe ni."

Ashe al'adar masu majigi ce a wancan zamanin. Idan wuri ya burge mutum, sai ya sa almakashi ya cire hoto uku ko huɗu ya liƙe zaren, mai kallo ba zai taɓa lura ba. Idan aka kama ka kuwa, a bakin aikinka. Baba ya ce kwafin da ya zo musu na farkon fitowa ne, kafin kamfani ya rage tsawon fim ɗin. Shi ya sa duk masu kaset da faifai ba su taɓa gani ba.

Mama ta juya kansa, hannu a ƙugu.

"To kai Malam, ka san ka ba ni, ka zauna yara suna cewa ka ruɗe? Me ya hana ka ce in ɗauko?"

Baba ya daɗe yana murza gefen jallabiyarsa.

"Gida huɗu muka canza. Na ɗauka ya ɓace tuntuni. Na gwammace a ce na ruɗe, da in tambaye ki ki ce min kin zubar."

"Ji mutum! Ni zan zubar?" Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, wai hayaƙin kicin ne ya shiga idonta. Babu abin da ke kan wuta.

Yaya ya tashi, ya ciro makullin daga aljihu. Bai mayar kan ƙusa ba, ya durƙusa ya sa wa Baba a hannu.

"Baba, ka yafe min."

"Tsoro ka ji, na sani. Amma butar nan dai ni na ƙona ta, wannan kam ba sharri ka yi min ba."

Muka fashe da dariya gaba ɗaya.

Mai Tabarau ya ce, "Kwanar da kuka wuce kuma, Baba, ina zargin gilashin nan ne, ya kai shekara shida. Abin da na ce wa Yaya ke nan jiya, a fara kawo ku in duba ido kafin a je ga maganar kai."

Na juya na kalli Yaya. Yaya ya kalli silin.

Wayyo ni! Ashe rabin magana aka ba ni, na hau kai na yanke hukunci, ni mai jan biro. Na zabura ɗaki na ɗaga filo, ina addu'a Allah ya sa saƙon bai shiga ba in goge shi. Na buɗe. An karanta. Ƙarfe takwas da minti goma sha ɗaya na safe.

Ya gani tun kafin ya goge yadinsa. Ya gani, ya ɗauko jakarsa ya zo.

Da na fito har ya yi sallama ya tafi. Kafin ya tafi ya haska zaren da tocila ya ɗauki hotonsa tas, ya tura wa Yaya, Yaya ya turo min. Baba ya ce in ɗora a shafin. Na tambaye shi me zan rubuta a ƙasa, don ni na tanadi maganganu masu zafi, musamman na Sarkin Faifai.

"Rubuta: ga takalman. Shi ke nan."

Kafin magariba shafin ya kama da wuta. Masu cewa a sha magani suka koma "Baba, a gafarce mu." Wasu suka rage taurarinsu, wai sai kamfani ya nemo wurin ya mayar. Sarkin Faifai ya rubuta layi ɗaya tak, ya ce shekara ashirin yana yi wa ƙafar nan dariya, yau ita ta sa shi hawaye. Na karanta wa Baba duka, yana jujjuya makullinsa a yatsa yana murmushi.

Sai saƙo ya shigo. Mai Tabarau.

"Na ga saƙonki da safe. Kin ce kada in zo saboda ke, shi ya sa na zo saboda Baba. Ba zan sake damunki ba. Allah ya ƙara masa lafiya."

Babu zaɓi biyu. Karo na farko a wata huɗu bai tambaye ni wannan ko wannan ba, kuma wallahi sai na ji falon ya yi min faɗi. Na rubuta "Don Allah", na goge. Na rubuta "Yaya ne", na goge. Wa zan ɗora wa? Ni na tura.

"Auta," in ji Baba, bai ko kalle ni ba, "yaron nan zai buɗe shago gobe babu madubinsa."

"Mantawa ya yi?"

"Bai manta ba. Ya duba jaka, ya duba ƙarƙashin kujera, kunya ta hana shi tambaya." Ya sa hannu a aljihun jallabiya ya taɓa wani abu. "Ni na ɓoye. Da hantsi zan kai masa, ya duba min idon gaba ɗaya. Akwai wuri a gaban mota, in kina da abin da za ki gyara."

Na kalli tabon bilic ɗin da ke hannun rigata.

"Ki sa rigar kirki," ya ce. "Kuma kada ki damu, na san hanya."